Sensar Gudun Motar Tela

Makanike na kwance a ƙarƙashin motar, wayar mitar gwaji a bakinsa, ya ce wa ƙanen tela ya juya tayar gaba. Ya juya, ya sake juyawa, mita ko motsi. Wuta na zuwa, waya lafiya lau, sensar gudu ce ta mutu, na'urar da ke auna saurin mota. Shi ya sa allurar nuna gudu ke kwance, giya ke fizga kamar akuya a turke.

Motar ta tela ce, maƙwabcin makanike na katanga ɗaya, wanda ciwon ƙoda ya kwantar. Ƙanen ne ya zo da sassafe, ido jawur, ya ce likita ya tura su babban asibiti, tafiyar mai nisa ce, motar kuwa ba za ta kai a haka ba. Makanike ya bar aikin mutane a gareji, ya zagaye kasuwar kayan gyara har ya samo sabuwar sensa. Ya kwance tsohuwar daga jikin giya, duk ta cushe da garin ƙarfe, ya goge gurbin, ya ɗaura. Da suka hau titi allura ta miƙe sumul.

Makanike ya shiga ya yi wa tela albishir. Tela ya yi 'yar dariya, ya ce ashe mota ta riga mai ita warkewa.

Washegari matar tela ta yi masa wanka, ta sa masa riga mai guga, aka zaunar da shi a bakin ƙofa da jakarsa. Ƙanen ya ja motar, ya ce bari ya sha mai ya dawo. Rana ta take bai dawo ba, wayarsa a kashe. Makanike ya ce a nemi motar haya, tela ya girgiza kai.

"Ni na goya yaron nan. Zai zo."

Kafin la'asar numfashin tela ya sarƙe. Motar hayar da makanike ya ruga ya samo ba ta ɗauki kowa ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta, wani dillalin motoci ya ja makanike gefe yana yaba masa aiki. Ya ce tun makon jiya suka yi cinikin motar da ƙanen, mai saye ne ya ƙi karɓa sai allura ta tashi.

"Ban san mai ita na kwance ba, wallahi."

Ƙanen ya bayyana da yamma, yana kuka yana karɓar gaisuwa a kan tabarma. Ya miƙo wa makanike hannu. Makanike ya dubi hannun, ya wuce can ƙarshen tabarmar ya zauna kusa da ƙofa. Takalman tela na nan a jere, an goge su tas, ba wanda ya ɗauke.