Angon Ismini

Zannis ya haura shekara hamsin, amma a tsibirinmu babu yaron da ke ce masa Kawu. Tun yana goye zazzaɓi ya taɓa masa kai, sai ya tashi da ƙarfin maza biyu da hankalin ƙaramin yaro. Shi ke da alfadarin da ke haura da kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa cikin gari, tunda mota ba ta hawa matakala. Yana zaune da yayarsa Zambeta, wadda ba ta yi aure ba saboda shi. Bango ɗaya ya raba gidansu da gidan burodina, don haka abin da zan faɗa ba a bakin hanya na tsince shi ba.

A watan Agusta na wata shekara, wata 'yar birnin Atina mai suna Ismini ta sauka daga jirgin Talata, ita da ƙawayenta. Hutu suka zo, wai hayaniyar birni ta ishe su, suna neman inda babu kowa. Sun kuwa samu, don ban da teku da awaki da tsofaffin da ke karta a gidan gahawar Nikitas, ba mu da abin kallo.

Suna cikin hawa matakala igiyar takalmin Ismini ta tsinke. Zannis ya ɗaga ta cak ya ɗora a bayan alfadari. Ta kwashe da dariya.

"Kai, ga irin mijin da nake nema! Bawan Allah, za ka aure ni?"

A daidai ƙofar Nikitas ta faɗi haka. Kafin yamma maganar ta zagaye gari.

Washegari da Zannis ya zo wucewa, Nikitas ya fito da tawul a kafaɗa. "Ango! Zo ka zauna mana. Mutum ya yi kamu irin wannan ya wuce mu ko sallama?"

Zannis ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Wasa take yi."

"Wasa? 'Yar birni ba ta wasa da aure. Ga ta nan, tambaye ta."

Ismini na zaune a inuwa, shirun da ta zo nema ya riga ya gundure ta. Ta ɗaga tabarau ta ce, "Angona, ka yi mini fushi ne?"

Nan take masu karta suka sa rana: ranar idin Maryam, bayan an fito daga coci.

Daga nan Zannis ya canza. Kullum da safe sai ya ajiye mata ɓaure ko cuku ko zuma a ƙofar masaukinta. Ya shafe ɗakin marigayiya uwarsu da farar ƙasa, ya fito da gadonta rana ya wanke. Ya ciro kwat ɗin ubansu daga akwati, hannunta bai kai masa wuyan hannu ba. Ina jin Zambeta ta bango tana lallashinsa.

"Zannis, dariya suke maka. Babu aure."

"Yaya, ba zan bar ki ba. Tare za mu zauna, mu uku."

Da ta ga ba ya ji, sai ta ɗaura ɗankwali ta gangara bakin teku, inda Ismini ke kwance a rana. Ni na raka ta. Zambeta ta tsaya a kanta cikin baƙaƙen kaya, ta ce, "'Yata, don girman Allah ki sake shi. Ke za ki tafi, ni za a bari da shi."

Ismini ta tashi zaune. "Haba Inna, wasa ne fa. Ba ki ga yadda yake murna ba? Yaushe rabonsa da farin ciki irin wannan?" Ta koma ta kwanta.

Daga can muka wuce wurin Nikitas. Zambeta ta ce masa, "Lokacin da uwarka ta kwanta ciwo, nonon uwarmu ka sha, kai da shi."

Nikitas ya waiga ya dubi masu karta. "Kun ji kishi? Zambeta, ke kin rasa, ki bar ƙaninki ya samu mana."

Ranar idi, fadan cocin da ake aiko mana daga babban tsibiri ya gama addu'a, ya ci abinci, kwalekwale ya mayar da shi. Yana tafiya aka jera tebura a harabar coci, ga naman akuya, ga giya, mai goge ya fara. Zambeta ta kulle Zannis a ɗaki, ya fita ta taga. Ya iso cikin kwat, gashi a kwance da mai, da furen da ya tsinko a hannu.

Nikitas ya yafa baƙin mayafin tebur, ya kifa tukunya a ka, wai shi ne fada. Aka murɗa reshen inabi aka yi kambi biyu irin na ɗaurin aure a cocinmu, aka ɗora wa Zannis da Ismini, ita tana cikin farar rigar da take sawa bayan wanka a teku. Nikitas ya dinga rera sunayen kifaye da muryar fada, jama'a na amsawa. Aka zagaya da su tebur, ana watsa musu shinkafa, ƙawayen Ismini sun ɗaga waya suna ɗauka. Zannis kuwa hawaye ne ke zuba masa. Ya sumbaci hannunta, ya ce da ƙarfi yadda kowa ya ji, "Na share ɗaki. Na sa sabon zanin gado."

Wasu har faɗowa suka yi daga kujera don dariya.

Sai ya kama hannunta zai kai ta gida. Ta ce, "To, ya isa haka." Bai gane ba, ya ci gaba da tafiya. Ta fizga, ya ƙara riƙewa, yana dubanta yana murmushi. Ta ƙwalla ihu.

Mutanen da ke dariya yanzu-yanzu su ne suka yi kansa. Nikitas ya fara, da kujera. Zannis da zai iya ɗaga biyu daga cikinsu ya yar, ko hannu bai ɗaga ba. Yana ƙasa yana cewa, "Matata ce, an ɗaura." Sai da Zambeta ta faɗa a kansa suka ja da baya. Muka kai shi gida da fasasshen baki, haƙora biyu sun fita.

Ismini ta bi jirgin gaba. A tasha ta ce wa matar masaukinta bai kamata a bar irin wannan mutum yana yawo cikin baƙi ba.

Duk kaka da sanyi Zannis bai sauko gari ba. Alfadarin ma Zambeta ta ba wani. Muka ɗauka magana ta mutu. Ashe ƙawayen sun sa hoton ɗaurin auren a intanet, sun yanke wurin dukan. Da bazara ta zagayo, jirgin Talata ya fara zuwa a cike. Baƙi na sauka suna tambaya, "Ina angon yake?" Nikitas ya ƙaro tebura, ya sa aka zana masa sabon allo, mutum cikin ƙaramar kwat da kambi a ka.

Amma baƙi ba allo suka zo gani ba. Nikitas ya haura gidan Zambeta da kwalbar mai, ya ce a bar Zannis ya riƙa tsayawa a tasha, don amfanin gari. Ta watsa masa ruwan wanke-wanke. Ya share fuska ya tafi. Da ta fita coci ran Lahadi, ya dawo ya leƙa ta katanga. Ina tsaye a bakin tanda, na ji shi da kunnena.

"Zannis, Ismini ta yi waya. Ta ce ta huce. Tana cikin jirgin Talata, ka tarye ta da kwat."

Na gaya wa Zambeta, ta sa kwaɗo a ƙofa, ta buga katako a taga. Ran Talata ya ɓalle ƙofar.

Tun daga lokacin duk Talata yana tasha. Yakan tsaya a bakin gadar sauka daga jirgi yana duba fuskar kowace mace da ta sauko, baƙi na rungumarsa suna ɗaukar hoto, wasu su ɗora masa kambi. In jirgi ya tashi, sai Nikitas ya dafa kafaɗarsa ya ce bana cunkoso ya yi yawa, ba ta samu wuri ba, sai mako mai zuwa.

Wata Litinin na shiga kai wa Zambeta burodi, na tarar tana goge kwat ɗin a kan tebur, ta sako hannun ta ƙara masa tsawo da wani ƙyalle.

Na ce, "Zambeta, ke ma?"

Ba ta ɗago ba. "Na hana, ya fasa ƙofa. Na ɓoye kwat, ya fita da rigar barci. Tunda sai ya tsaya a gabansu, ba zai tsaya da datti ba." Ta juya rigar, ta ce in ajiye burodin a can, kada gari ya taɓa ta.