Telekomand ɗin 'Yar Fari

Sai da mai sayar da tikiti ya tambayi sunan mai tafiya har sau biyu, sannan Malam Shu'aibu ya sa hannu a aljihun gaba ya fiddo wani ɗan abu baƙi mai kama da tsohuwar salula, ya manna shi a jikin gilashi. A saman abin an rubuta SAMIRA da manyan baƙaƙe. Mutumin ya kwafe, ya dube shi da tausayi, ya ɗaga murya yana haɗawa da yatsu: motar Tawa, ƙarfe goma sha ɗaya. Ya ɗauka kurma ne. Malam Shu'aibu bai gyara masa ba. Kurumtar minti ɗaya ta fi masa sauƙi a kan ya tsaya yana yi wa ɗan Yamai bayanin cewa a garinsu, can bayan Maradi, mutum ba ya faɗin sunan 'yarsa ta fari.

Shekara ashirin da shida yana aikin biro, wato ofis. Ya iya ɗaura karabat a wuya, yana gyara wa shugabansa Faransanci a ɓoye, amma wannan kunyar ta biyo shi daga ƙauye ta zauna. "Ke" yake ce mata. In ta ɗan yi nisa, "yarinyar nan". Bai taɓa saɓa ta a kafaɗa gaban mutane ba, bai taɓa yabonta ba, kuma da haka zai mutu cikin mutuncinsa, da ciwon sukari bai kama ta tana shekara tara ba.

Kawunta Abdoulkarim, wanda ke aikin jinya a Faransa, shi ya aiko da na'urar insulin: 'yar akwati kamar ta ashana, ana maƙala ta a ƙugu, siririn bututu ya shiga ƙarƙashin fata. Tare da ita aka aiko da telekomand. Kafin kowane abinci sai a ƙiyasta abin da za a ci, a shigar da lissafi, a danna, na'urar ta saki magani. Sharaɗi guda ne: kada mai dannawa ya wuce taku uku daga jikinta. Ladi, uwar yarinyar, ta ce ita ko na talabijin rikita ta yake yi. Haka abin ya faɗo hannun Malam Shu'aibu, kuma al'ada ba ta ce komai a kan telekomand ba. Ya bincika sosai.

Kullum da azahar sai ya bar biro a Kalley, ya hau babur zuwa unguwar Lazaret, ya tsaya a bakin katangar makarantarsu. Ta zo ta tsaya a ɗaya gefen. Ya tambaye ta abin da za ta ci yana kallon wani wuri, ta faɗa, ya danna. Abokan aikinsa suka yanke cewa yana da budurwa a Lazaret. Bai musa ba. Rabonsa da irin wannan daraja a biro tun zuwansa.

Tana shekara goma sha huɗu likita ta ce lokaci ya yi da zai miƙa mata abinta. Ya ce baɗi. Ya faɗi baɗi sau biyar. Yanzu ta ci bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, jami'ar Tawa ta ɗauke ta, kuma ko shi da taurin kansa ya san Tawa ta fi taku uku. Da safe Ladi ta ce ba za ta je tasha ta yi kuka gaban 'yan dako ba, ta kuma ce in ya dawo mata gida da wannan abin a aljihu, to shi ma ya nemi motar da zai shiga.

Samira na zaune a kan benci, jakarta tsakanin ƙafafu. Ya miƙa mata tikiti, ya zauna a can ƙarshen bencin. Ya ciro takardu huɗu da ya cike da rubutu, ya fara karanto mata: yadda ake lissafin shinkafa, yadda tuwo ke yaudara, ranar canza pil, wato batir, abin da za ta yi in zafi ya yi yawa. Ta saurara kamar ba ta taɓa ji ba. Da takardun suka ƙare ya koma farko, wai ya tsallake wani layi. Da aka fara ɗora kaya ya tashi ya je ya sa ido a kan akwatinta, ya yi wa ɗan dako gardama a kan igiya, ya dawo ya tambayi direba ko tayoyinsa sababbi ne. Direban ya ce da ikon Allah.

Aka kira fasinja. Ta shiga ta zauna gefen taga. Ya zo ya tsaya ƙarƙashin tagar, hannunsa a aljihu. Sai da yaron mota ya buga ƙofa sannan ya fiddo telekomand ɗin ya ɗaga, kamar mai miƙa wuya ga wanzami.

"Ke, ungo."

Ta dubi abin, ba ta karɓa ba.

"Ka riƙe shi, Baba."

Ya ce kada ta yi shirme, da me za ta ci abinci?

"Na'urar tana da maɓallai a jikinta. Duk abin da wannan ke yi, suna yi."

Ya ce ya sani, amma ai ba ta iya ba.

"Baba, akwai wata mai suyar farimasa a bayan makarantarmu. Tun ina aji uku na sakandare nake cinikinta. Bayan ka tafi nake saya, in danna da kaina."

Malam Shu'aibu ya yi lissafi, domin lissafi ne abin da ya iya. Shekara biyar. Shi da yake gaya wa likita da ƙirji a buɗe cewa ko ƙwayar gyaɗa ba ta shiga bakin yarinyar nan ba da saninsa ba, likita kuma tana duban tarihin na'urar tana gyaɗa kai tana murmushi. Ashe murmushin ke nan. Ya tambaya ko uwarta ta sani. Ta ce Inna ce ke ba ta na sayen.

"To me ya sa kuka bar ni ina ƙona mai kullum har Lazaret?"

Ta sunkuyar da kai, tana murza bakin mayafinta.

"In ba don shi ba, yaushe za ka zo ka tsaya kusa da ni?"

Ya duba tayar mota. Ba sabuwa ba ce.

Ta buɗe jaka ta fiddo ƙullin leda, mai ya jiƙa takardar ciki. Ta nuna masa: farimasa uku, ba yaji. Ya ce huɗu ne, yana ganin ɗaya a ƙasa. Ta yi 'yar dariya, hawaye na bin hancinta. Ya shigar da lissafin a hankali, ya sake dubawa, ya danna. Motar ta motsa.

Ya san da zarar an danna, na'urar ta karɓi umarni, sauran aikinta ne. Shi da kansa ya rubuta haka a shafi na biyu. Duk da haka ya bi gefen motar, da sauri-sauri, sannan da ɗan gudu, mutum mai shekara hamsin da uku da karabat, yana nuna wa bas telekomand. Wani mai kabu-kabu a bakin ƙofa ya ce, "Alhaji, tasha za ka canza mata?" 'Yan uwansa suka kwashe da dariya. A ransa ya yarda maganar ta yi ma'ana.

Motar ta hau kwalta ta shige cikin sauran motoci. Ya tsaya yana haki. Abin ya yi ƙara sau biyu a hannunsa, rubutu ya fito da Faransanci: ba a sami na'ura ba, a sake gwadawa?

Ya matsa gefe ya ba wani mai amalanke hanya, sannan ya danna i.