Inda Suruki Zai Ci Abinci

Wayar ta zo wa Maikano da hantsi, a tarhon bango na gidan hayar da yake zaune a unguwar Glenwood, cikin birnin Greensboro. Yana jin muryar ya tsuguna, igiyar tarhon ta miƙe kamar za ta tsinke. Surukinsa ne, Alhaji Ɗalha. Tsohon bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce ya shigo Amurka, zai zo kasuwar kujeru da gadaje ta High Point, kuma ranar Asabar zai wuni a Greensboro.

"Cikina ya gaji da burodin nan nasu mai nama a tsakiya," in ji shi. "Ka nemo mini inda ake dafa abincin Faransa. In babu, na Sifen. A can za mu zauna mu yi maganar yarinyar nan."

Yarinyar nan ita ce Zinariya, matar Maikano. Tun da ya taho take gidan ubanta a Maraɗi, ita da ɗansu wanda bai san uba ba sai a hoto. Takardunta sun fito tuni, amma fasfo ɗin yana hannun Alhaji, kuma Alhaji ya rantse ba za ta hau jirgi ba sai ya ga mijin da idonsa. Tsohon ma'aikacin duwan ne, wato kwastan, da ya koma fatauci. Ya ci abinci a Marsai ta Faransa, ya ci a Las Palmas ta Sifen, ya san cokalin kifi daban da na nama. Shi kuwa Maikano dilolin zare yake lodi a masaƙa, karatunsa bai wuce allo ba, shinkafa da sadin yake ci a tsaye.

Duk da haka da ya ajiye tarhon sai ya yi hamdala. Gidan abinci ya fi masa sauƙi a kan ɗakinsa. Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, katifa a daɓe, risho ɗaya na lantarki, banɗaki na tarayya da ɗalibai Turawa masu jera kwalaben giya a kan matakala. In tsohon ya ci ya ƙoshi ya koma otal, ɗakin bai shigo zance ba ke nan.

Da yamma ya tafi wurin Husaini, Bakanon da ke karatun digiri na biyu a jami'a.

"Ni za ka tambaya?" Husaini ya fashe da dariya. "Ku da Faransa ta goya a baya?"

"Alhaji ta goya. Mu harajinta kawai ubanmu ya sani. Malam, ka duba mini littafin nan mai rawayan shafi, ba na son wasa."

Husaini ya buɗe littafin tarho yana bi da yatsa. Ga gidajen abinci: na kaza, na kifi, na Sin, na naman alade gasasshe shafi guda cur. Ya rufe.

"Ɗan Nijar, garin nan alade suka iya. Ka kai shi Washinton."

"Asabar fa."

"To ka dafa masa a gida mana, kamar kowane suruki."

Maikano ya dube shi kawai. Husaini ya san ɗakin, sai ya daina dariya.

Tun daga ranar, da ya tashi daga aiki sai ya shiga tsohuwar Datsun ɗinsa ya kama hanya da ƙurar auduga a gashinsa. A High Point Road ya ga wani gida da manyan malafuna rataye a bango, ana ta kiɗan garaya irin tasu, ma'aikatan suna yaren Sifen. Zuciyarsa ta yi sanyi. Da safe ya faɗa wa wani ɗan Kuba da suke lodi tare. Mutumin ya tofar da yawu ya ce wannan Meziko ce, tsakaninta da Sifen akwai teku, kuma wakensu ma da kitsen alade ake soya shi. Na Sifen na gaskiya? Ya ce shi ma da ya san inda yake da can zai kwana.

Saura Faransa. Ya sami wani a cikin gari mai suna da Faransanci a saman ƙofa, da labule ja. Maikano bai san abincin Turawa ba, amma ya yi yaron mota a tashar Maraɗi, ya san yadda ake gane mai tuwon kirki: ba ta gaba ake dubawa ba, ta baya ake zagayawa. Ya zagaya. Kwalaye ne na daskararren nama jibge, da gwangwanayen miya, da wani kuku yana shan taba a kan bokiti. Ya yi masa bonjur. Kukun ya ce, "Me?" Maikano ya koma mota ya kifa kai a kan sitiyari.

Alhamis ta zo ba komai a hannu. Ya tambayi direbobin tasi, ya tambayi mai kai wasiƙu, ya tambayi wata mata a layin banki har ta matsa da jakarta. In ya rufe ido sai ya ga Alhaji yana ture faranti, yana goge baki, yana cewa mutumin da ya kasa nemo kwano ɗaya na abinci shi zai riƙe mace da ɗa a ƙasar mutane?

Mai kawo kifi wani kanti a Wendover ne ya cece shi. Ya ce akwai wata tsohuwa da ke dawo masa da kifi in idon kifin ya dushe, tana zaginsa da yaren da ba ya ji. Ya kwatanta masa wurin. Ƙaramin gida ne a bayan wani garejin taya, ba ko allon kirki. Maikano ya zagaya ta baya. Ƙamshin man shanu da tafarnuwa ya buge shi, ga ɓawon albasa sabo, ga kawunan kifi a tukunya, ga tsohuwa fara sol da wuƙa tana yi wa wani faɗa da Faransanci.

"Madam," ya ce, da Faransancinsa na tasha, "surukina zai zo. Babban mutum. In bai ji daɗi ba, matata ba za ta zo ba."

Ta dube shi sama da ƙasa. Ashe ta zauna Dakar da mijinta, ta san irinsu. Ya ce ba alade. Ta ce ta ji. Ya ce ba giya a tukunya. Ta ɗaga wuƙa sama tana kiran sunan Allah da yarensu. Bai tsaya nan ba, ya kutsa cikin kicin yana ɗaga kasko ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa, har ya zaɓi wanda ya yarda da shi ya ce a wannan za a dafa. Saura kaɗan ta kore shi.

"Mutum nawa?" ta ce.

"Biyu."

Ya faɗa ne kawai, hankalinsa na kan kasko.

Ranar Asabar ya ɗauko Alhaji a otal bayan azahar, sanye da kwat ɗin Husaini da ta matse shi a hammata. Alhaji ya shiga gidan Madam da babbar riga, ya ja numfashi, fuskarsa ta saki. Da ya zauna sai Maikano ya tsuguna gefen kujera don ya sake gaisuwa, Turawan teburin kusa suka bar cin abinci suna kallo.

"Tashi ka zauna, nan ba zaure ba ne."

Ya ɗosana a bakin kujera, a kaikaice, idonsa a ƙasa. Aka kawo burodi, aka kawo miyar albasa. Sai ga faranti biyu na kifi, ɗaya gaban Alhaji, ɗaya gabansa. A nan ne abin ya faɗo masa. Duk gudun da ya yi, ko sau ɗaya bai tuna ba: shi ma a teburin zai zauna. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin namiji ya tauna abinci a gaban uban matarsa ba. A Maraɗi ko ruwa ne sai ya fita waje ya sha.

"Bismilla," in ji Alhaji.

"Alhamdu lillahi, Baba, a ƙoshe nake."

Cikinsa ya yi ƙugi har cokali ya ji. Alhaji bai matsa masa ba, ya san abin da ya hana shi. Ya ci kifinsa a natse, ya suɗe miyar da burodi, yana ba da labarin wata shinkafa mai rawaya da ya ci a bakin teku a Las Palmas. Maganar yarinyar nan kuwa ko alama. Maikano yana zaune gumi na bin bayansa, ƙamshin kifi na shiga hancinsa.

Madam ta fito daga kicin, ta ga faranti ba a taɓa ba, ta riƙe ƙugu.

"Kai! Ka birkice mini kicin, ka shinshine mini kasake kamar ɗan sanda, yanzu kuma ka zauna kana kallon kifina?"

Alhaji ya ajiye cokali. "Kasake ya shinshina?"

Ta kwashe labarin duka ta faɗa masa, har da yadda ya shigo ta ƙofar baya da auduga a gashi. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace, sannan ya yi mata bayanin al'adar da Faransanci mai santsi. Ta girgiza kai, ta ɗauke farantin, ta dawo da kifin a naɗe cikin takardar azurfa ta danƙa wa Maikano.

"Ka ci shi da ɗuminsa. Kifin nan ba ya jira."

"Ka ji abin da ta ce," in ji Alhaji yana miƙewa. "Mu je gidan naka. Ka ci abincinka, ni kuma in yi la'asar."

"Baba, otal ɗin ya fi kusa."

"Na san inda otal yake."

Suka shiga mota, Maikano ya ja. Ya bi ta unguwannin masu manyan itatuwa yana jan lokaci. Ya yi tunanin ya kai shi ɗakin Husaini ya ce nasa ne, sai ya tuna hoton uwar Husaini da ke bango da tulin littattafan da ko sunansu bai iya karantawa ba.

"Wannan cocin mun wuce shi ɗazu," in ji Alhaji.

Maikano ya karya kan mota zuwa Glenwood.

Da sauran rana, ba duhun da zai rufa asiri. Alhaji ya tattare babbar rigarsa ya sauka matakala yana tsallake kwalabe. Daga sama kiɗa na dukan daɓe. Ya tsaya tsakiyar ɗakin, kansa kusa da bututun ruwa. Ya dubi katifa, ya dubi risho, ya dubi 'yar tagar da ba a ganin komai ta cikinta sai tayoyin motoci. Ya leƙa banɗaki ya fito da sauri. Ya karɓi darduma ya yi sallarsa, Maikano na rakuɓe a bakin ƙofa da kifi a hannu.

Da ya sallame sai ya miƙe ya fita, ya ja ƙofar, ya tsaya a bayanta.

"Ci abincinka. Ba na ganinka."

Maikano ya zauna a katifa ya buɗe takardar. Ya kasa kai hannu.

"'Yata ba za ta kwana a ramin nan ba," muryar ta zo ta jikin ƙofa. "Ko dare ɗaya. Jikana ba zai tsallake kwalba ya je makaranta ba."

"Haka ne, Baba."

"Da na san haka, da gida na ce ka nuna mini tun farko. Ka ɓata ƙafarka a kan cikina." Kiɗan sama na ta bugawa. "Zan dawo kasuwar nan da bazara. Ɗaki biyu, a saman ƙasa, da kicin nata ita kaɗai, da ƙofar da ake kullewa. Ka zagaya ta baya ka shinshina kamar yadda ka yi wa tsohuwar nan. In na gani na yarda, fasfo yana aljihuna. In na tarar da kai a nan, kada ka ƙara kirana."

"Na ji, Baba."

"Ban ji kana tauna ba."

Maikano ya gutsiri kifin ya kai baki. Ya huce, man ya daskare a gefe. Yana taunawa yana tuno gidajen hayar da ya riƙa wucewa a High Point Road duk satin nan bai ko ɗaga kai ya dube su ba. Akwai wani mai jan bulo kusa da wurin sayar da motoci, da allo a gabansa. Gobe Lahadi, ba aiki.