Ranar da Aka Ja Gidaje

Shekarar da gwamnatin jihar Kansas ta amince a yi wa makiyayan yankin gundumarsu, rigima ɗaya ta rage: ina za a kafa kotu da ofis? A Mashaya, inda mutanen farko suka sauke kaya a bakin rafi, ko a Tasha, mil tara gabas, inda jirgin ƙasa ke tsayawa, kuma akwai likita?

Mata ba sa jefa ƙuri'a, amma Lavina tana da baki. Sati uku ta hana mijinta Silas sakat, sai ya zaɓi Tasha. A hunturun bara tari ya kusa tafiya da 'yarsu Nettie, kafin likita ya iso sai da aka kwana aka wuni. Silas ya bi ta, ya jawo ƙannensa biyu. Tasha ta ci da ratar ƙuri'a uku.

A ƙasar da babu itatuwa ba a barin katako a baya. Aka ɗaga gidajen Mashaya aka ɗora kan gungumomi, aka ɗaura wa kowanne shanu takwas da za su ja shi zuwa Tasha. Sai a safiyar tashin Lavina ta tuna abin da bai taɓa zuwa ranta ba: gidan Inna Orpha na ƙasa ne, ba ya jawuwa. Tsohuwar nan ce ta karɓi haihuwar Nettie, ita ta koya wa Lavina yin wuta da busasshen kashin shanu.

Ta ɗauki Nettie ta je, ta same ta tana watsa wa kaji tsaba.

"Inna, ki zo mu tafi. Mun ware miki wuri kusa da murhu."

"Kusa da murhu? Ni kyanwa ce?"

"Don Allah, Inna. Kowa zai tashi. Wa zai ɗebo miki ruwa?"

"Wanda ya ɗebo mini kafin ki zo da takalmanki na birni." Ta nuna kabarin mijinta a bayan gida da haɓa. "Shi kuma tsohon can in ce masa me? Da ransa ma sai da faɗa yake zuwa coci."

Lavina ta sunkuyar da kai.

"Ƙuri'a uku, ko? Silas ɗin da ko hular da zai sa ba ya iya zaɓa. Na san hannun da ya dama kunun nan, 'yar nan."

"Saboda yarinyar na yi."

"Na ce ba saboda ita ba ne? Miƙo ta."

Tsohuwar ta kara kunne a ƙirjin Nettie, ta daɗe tana saurare. "Ki riƙa shafa mata kitsen agwagwa, ko me likitan naki ya ce. To, tafi. Shanu a tsaye suke."

Lavina ta shiga gidanta, ta zauna a ƙasa da Nettie a cinya, hannu ɗaya na tare akwatin kwanuka. Silas ya yi wa shanu tsawa, gida ya yi ƙara ya motsa. Ta taga take kallon hayaƙi ɗaya tak da ya rage a Mashaya. Ta tambayi kanta, da za a sake zaɓen, me za ta ce wa Silas? Ta san abin da ta faɗa da farko za ta maimaita, kuma wannan ne ya sa ta kuka.