Masu Dubiyar Barakatu

"Tana barci," in ji Nazifa, ta tokare ƙofar zaure da hannu biyu. "Ku yi haƙuri, Inno, likita ya hana shiga."

Ina tsaye a bayan tsohuwar da kwanon kunun da na damo wa mara lafiya. Inno gwaggon Barakatu ce. Tun da safe ta taso daga Kurya Madaro a bayan babur, ta hanyar da ko maza sai sun yi addu'a suke hawa saboda 'yan bindiga.

"Wane likita na?" in ji ta, tana tari cikin gefen mayafi. "Shi yag goya ta ko ni?"

Sai muryar Barakatu daga ɗaki: "Ke Nazifa! Wa kit tsare waje awa ɓarawo? Bar ta ta shigo."

Yarinyar ta sauke hannu. Na ga ƙwalla a idonta, kuma wallahi ta ba ni tausayi.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Barakatu a nan Kaura Namoda. Mun yi faɗa a kan kaji ya fi a ƙirga, mu shirya kafin la'asar, don ni ba na iya cin tuwo ban ji surutunta ba. Ciwon da ƙafa ya fara, ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Sai fuska, sai fitsari mai kumfa kamar an zuba sabulu. Aka kai ta asibiti a Sakkwato, suka ciro ɗan ƙanƙanin naman ƙodarta da allura suka duba. Nazifa, 'yarta ta fari, ita ta yi jinyarta a can, ita kuma ta dawo mana da bayani: ƙwayoyin jinin da Allah ya sa wa mutum don su kare shi daga cuta, su ne suka taru a ƙodar uwarta suna cin ta. Maganin da aka ba ta yana kwantar da su ne. To idan sun kwanta, murar da wani zai karkaɗe ya wuce, ita tana iya kai ta ƙasa. Don haka ban da taro, ban da mai tari.

Ban da taro! A gidan Barakatu! Matar da ba a taɓa kwantar da mutum a unguwarmu ba ta riga danginsa isa da kwano ba. Yanzu da ta kwanta, har daga Zurmi da Shinkafi zuwa ake yi.

Maganin kuwa ya fara aiki. Kumburin ya saɓe, har ta fara zagina a kan zakarana. Shi ya sa abin ya fi ci mini rai.

Ranar nan na bi Inno ciki. Kafin azahar ɗakin ya cika da mata, an sauke labule saboda rana, iska ba ta shiga. Inno ta zauna a bakin gado, ta kama hannun Barakatu, ta yi addu'a ta tofa mata a goshi. Tarin bai bar ta ta kai ƙarshen addu'ar ba. Nazifa ta fita tsakar gida ta kifa kai a jikin turmi.

Da aka watse na ce, "Barakatu, ki ji maganar ɗiyar ga. Ba ƙin mutane taka yi ba, ke taka so."

"Na sani, Rekiya."

"To mi ah hana ki bari a ruhe ƙohwa? Wata guda kaɗai."

Ta ce, "Tsohuwa ta aza ranta bisa hanya don ta ce mani sannu, ni in aika a ce mata ta koma? In na warke, da wane ido za ni kallonta?"

"Ki warke tukuna, ido ba shi wuya."

Ta yi dariya har ta riƙe kwiɓi. Ni ban yi ba. Haushinta nake ji, kuma na rasa ta inda zan ce ba ta da gaskiya.

Mako bai zagayo ba zazzaɓi ya rufe ta. Ta katanga nake jin tarin, busasshe, mai ja daga ƙirji. Mijinta Sha'aibu ya nemo mota aka kai ta asibitin cikin gari. Suka ce huhu ya kamu, ƙodar da ta fara farfaɗowa kuma ta sake tsayawa. A can dole aka bi doka, mutum ɗaya ake bari a ciki. Nazifa ta ce ko a hakan, duk motsin da ta ji a waje sai ta buɗe ido ta ce, "Wa az zo? An ba shi wurin zama?"

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Inno ta sake hawo babur ta zo gaisuwa. Tarin nata ya warke sarai. Ba wanda ya gaya mata komai, kuma na tabbata ba za a gaya mata ba. Ta durƙusa gaban Nazifa tana kuka tana cewa, "Alhamdu lillahi da nig gane ta da rai." Na zuba wa yarinyar ido. Ta tashi ta ɗebo ruwa a randa, ta miƙa wa tsohuwar da hannu biyu.

Washegarin addu'ar uku na leƙa ta katanga. Nazifa na sharar tsakar gida, ta share ko'ina tas. Yashin bakin ƙofar uwarta ne kawai ya rage, sawun mutane birjik, manya da ƙanana, wani a kan wani. Tana tsaye a kansa da tsintsiya a hannu, ba ta sunkuya ba.