Gilashi Na Uku

"Riƙe shi ta gefe, Gajere, kada ka sa yatsa tsakiya," in ji Malam Sadisu daga kan tabarma, yana nuna masa gilashin.

Gajere tela ne, katanga ɗaya ta raba gidajensu a Kankiya. Shekara uku ke nan shi ne hannun tsohon malamin kimiyyar, tun da nasa hannun ya daina riƙe abu. A filin bayan gida suke kafa madubin hangen nesa da kyamara. Bana Malam ya nace wa wani jan gajimare da ke can cikin taurari, kusa da Kaza da 'Ya'yanta, wanda ido ba ya gani. Gilasai uku ake sa wa kyamarar, kowanne da darensa, kowanne launi ɗaya tak yake bari ya wuce. Sai an haɗa ukun hoto yake fitowa.

Sun gama biyu. Washegari Malam ya dawo daga Azahar ya kishingiɗa, bai tashi ba. Kafin Magariba an kai shi.

Gajere ya ɗauki makara, ya zuba ƙasa, ya amsa gaisuwa. Ya yi ta jiran kuka ya zo, bai zo ba.

Ranar addu'ar uku Lawal, ƙanin Malam da ya zo daga Dudunni, ya ce, "Gobe da sahe za mu kulle kayanshi, sai ranar rabon gado."

Gajere ya tsaya a zaure ya yi wa matar Malam sallama.

"Inna Jamilatu, saura gilashi guda."

"Ɗauka," ta ce daga bayan labule. "Ran nan ma maganarshi ya yini yana yi."

Ya kafa komai yadda ya saba gani, ya zauna shi kaɗai har asuba. Da ya buɗe kwamfutar Malam, hotuna uku suka fito, duka fari da baƙi kamar toka. Ya zuba ido yana jiran ja. Sai ya tuna: haɗa hotunan, Malam ne ke yi da hantsi, lokacin shi yana kan keken ɗinki. Bai taɓa tambaya ba.

Ya naɗe gilashin a ƙyallensa, ta gefe, ya kai wa Lawal.

Bayan Isha'i ya kashe ƙwan ƙofar gidansa kamar yadda ya saba don kada haske ya ɓata wa Malam hoto, ya zauna a dakali cikin duhu.