Kaso Ɗaya Cikin Biyar

Sati biyu da dawowata daga karatu a Scotland, Baba ya gaya mini zai sayar da man fetur ɗin da ke ƙarƙashin gonarmu.

"Na ba dillalin kamfanin mai hannu," in ji shi. "Bayan coci, a gaban mutane. Ran Juma'a zai kawo takarda in sa hannu."

Na ce mu ga lauya tukuna.

"Shekara shida a ƙasar ruwan sama, Rayleen, abin da aka koya miki ke nan? Ki biya wani ya karanta miki Turanci?"

Ya dai shiga mota, muka nufi ofishin lauya. Ni rijiyarmu nake ji wa tsoro. A wannan yanki na yammacin Texas ita kaɗai ce mai ruwan daɗi cikin mil takwas. In ta lalace, ba shanu, ba gida.

Lauyar, Misis Ybarra, ajinsu ɗaya da Baba a firamare.

"Harlan Tackett, har yanzu ba ka iya cire hula a ofishin mutane ba?"

Bai cire ba. Ta karanta kwafin takardar da dillalin ya ba shi sau biyu.

"Wannan ba haya ba ce irin wadda babanku ya saba bayarwa. Sayarwa ce, har abada. Kuma ka sani, mai ƙasan gona ya fi mai samanta iko. Zai kafa injin haƙa inda ya fi masa sauƙi."

"Ko kusa da rijiya?" na tambaya.

"Ko kusa da rijiya."

"Na riga na ba da hannu," in ji Baba.

"Kotu ba ta san musafaha ba a cinikin ƙasa. Ba ma wannan ne ya dame ni ba." Ta jawo wata takarda da ta karɓo daga ofishin rajistar filaye. "Babanku kai kaɗai ya bar wa saman gonar. Abin da ke ƙasa kuwa, ku 'ya'yansa biyar ya raba wa. Huɗu sun sayar."

Baba ya dubi takardar. "Har Verna?"

Ƙanwarsa ce. Ran Lahadin nan a gidanmu ta ci gasasshen nama, ba ta ce komai ba.

"Verna ce ta fara, tun watan Maris."

"To ko na ƙi, za su haƙa?"

"Za su iya. Amma muddin kasonka yana hannunka, za su so su lallaɓa ka. Da shi za mu nemi su rubuta tazarar da za su bai wa rijiyar. Ban ce lallai su yarda ba. In ka sa hannu ran Juma'a dai, ba ka da sauran abin ciniki."

"Sai a ce Harlan ya janye hannunsa."

"Za a ce."

Da muka iso ƙofar gona ya kashe mota, ya miƙo mini wayarsa.

"Ke ki kira dillalin. Ke kika yi karatu a waje, ba wanda zai yi mamaki."

Na kira, na ce ba ma sayarwa. Dillalin ya yi dariya cikin fara'a, ya ce ba komai, a gai da Baba. Ya ce masu awon fili na kamfanin za su zo ran Litinin da safe, don Allah a bar musu ƙofa a buɗe.